Tayar da Na Kai Tajaye

Kwana uku da shigowata Ƙonni na gane cewa aikin da aka kira ni dominsa ba shi zan yi ba. Alhaji Labbo ya same ni ne a rumfarmu ta gyaran babur a Zariya, ya ce in biyo shi Nijar. Ya ce babura 'yan China sun cika ƙasarsu, masu gyara kuwa ba su san kansu ba, zai buɗe mini gareji a bakin titi har da allo mai sunana. Da na zo sai na tarar da wani kango a bayan tasha, an jibge tsofaffin babura da aka tsallako da su daga Najeriya bayan 'yan kabu-kabu sun gama tatse su. Aikina in wanke, in shafa fenti, in rufe musu baki a kai kasuwa. A kangon nake aiki, a nan kuma nake kwana.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma Allah ya ba ni kunne. Babur zai wuce a titi ina cin abinci, in ce wa na kusa da ni ga ciwonsa. Kukan taya ba iri ɗaya ba ne. Idan burki ne ke goga, da ka taka shi kukan zai sauya ko ya ɗauke. Idan sarƙa ce, tana bin giya, ka kama kuloci ka ji ta lafa. Wayoyin taya in sun saki, ƙyal-ƙyal suke yi kamar cokali a kofi. Amma boris, wanda mutanen nan ke ce wa rulma, gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa da gudu, in ka kwanta a kwana ya sauya murya. In ina so in tabbatar, sai in ɗage tayar in juya ta, in ɗora bakin sukudireba a kan sandar da ta ratsa cibiyarta, in manna ƙotar a kunnena. Lafiyayyen boris shuuu za ka ji. Wanda ya mutu kamar ana niƙa tsakuwa.

Mutanen Ƙonni sun ɗauki wannan abin kallo. Suka sa mini suna Bazazzage mai kunne. Suna dariyar Hausata, wai ina magana kamar rediyo, ni ma ina dariyar tasu a zuci. Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Fura da safe, fura da rana, har na fara mafarkin kokon mahaifiyata da ƙosai. Na bar matata da jaririn da ko zama bai fara ba. In na je rumfar buga waya na kira shagon maƙwabcinmu aka nemo ta, sai in ce mata komai lafiya, gareji ya kusa buɗewa. Ƙarya ta fara mini sauƙi tun daga nan.

A tsakiyar bazara aka kawo wani jan babur. Injinsa da sauran ƙarfi, amma ina tura shi cikin kangon na ji tayar gaba tana gurnani. Na ɗage ta, na kama sama da ƙasa na girgiza, sai ta yi ƙwas-ƙwas. Na kwance. Boris na gefen hagu ya tsage, 'ya'yansa sun yi ƙuraje, kuma gidan da yake zama a cibiyar tayar ya cinye ya buɗe. Ko sabo ka saka zai riƙa rawa a ciki. Na je na sami Alhaji a kan tabarmarsa, na ce wannan sai an sauya cibiya gaba ɗaya, ko a nemo wata tayar.

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Bazazzage, ba gyara nic ce ka yi ba. Shiru nika so. Moto in shina kuka ba shi saiduwa.”

Na ce, “Alhaji, tayar gaba ce fa. In ta ƙulle ana gudu, mutum ba ya ko salati.”

Ya ce, “Kai ka raya mutane? Ga hanyar iyaka can, ba a ruhe ta ba.”

Ina da zuciya, har yau ma. Amma na tuna ba ni da takarda ko ɗaya a ƙasar nan, na tuna yadda na yi sallama da 'yan rumfarmu ina ɗaga kafaɗa, na tuna garejin da na gina wa matata a waya. Na koma na yi abin da na ga ana yi ban taɓa yi ba. Na yanko gwangwanin tumatir na naɗe boris ɗin don ya kama gidansa. Na kwaɓa giris mai kauri da garin katako na danna a ciki har ya cika. Na ɗaure noti tamau. Na juya tayar, shiru kake ji. Wallahi har wani daɗi na ji na iya aiki, wannan ne abin da ya fi ci mini rai daga baya.

Ranar kasuwa mai saye ya zo. Dattijo ne siriri, gemunsa ya fara fari, hannayensa duk kanta. Ya ce sunansa Malam Idi, daga wajen Tajaye yake, yana noman albasa da rani a fadamar Badagishiri, bana Allah ya dube shi. Ya zagaya babur ɗin yana shafa tanki kamar mai taya ɗan maraƙi. Sannan ya ce shi bai san ƙarfe ba, amma an ba shi labarin wani ɗan Najeriya da ke jin ciwon moto da kunne, shi yake so ya duba masa.

Alhaji ya yi murmushi ya yafito ni. Mutane suka taru. Na ɗage tayar gaba, na juya, na ɗora sukudireba na manna kunne. Garin katako yana ruɗin kowa, amma bai ruɗe ni ba. Can ƙasa na ji tsakuwar tana niƙuwa a hankali.

Malam Idi ya ce, “Yaya, ɗana? Lahiya tai?”

Na ce, “Lafiya lau, Baba.”

Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini addu'a. Ya ce yanzu uwar ɗiyansa ta huta da tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Ya hau yana tangaɗi irin na sabon koyo, ya fita.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina gardama da kaina. In ce ai tsoho ne, ba zai yi gudu ba. In ce ai giris ɗin zai kai damina. Amma na san zafin bazara, na san yashin hanyoyin nan. Giris zai narke ya tsiyaye, katakon ya ƙone ya dunƙule, wata rana 'ya'yan boris su hau kan juna. Duk babur ɗin da ya wuce bayan kango sai in tsayar da aiki in saurara.  A rana ta goma sha biyu na ɗauki akwatin kayan aikina na je wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan babur. Na zaɓi tayar gaba mai lafiya, na gwada ta da kunne har sau uku. Na bar masa akwatin a madadin kuɗi, na ɗebi sifana biyu da guduma da sukudireba kawai. Ban yi wa Alhaji sallama ba.

Daga Ƙonni zuwa Tsarnawa ba nisa, amma a nan na ɓata yini. Jandarma suka sauke ni daga mota a mararraba. Baƙo, ba takarda, ga tayar babur a hannu ba babur. Ko ni ne a matsayinsu, da na tsare mutum irina. Ɗayansu ya ce, “Ina sauran moton?” Duk wurin aka kwashe da dariya har da masu sayar da rake. Suka zaunar da ni a gindin bishiyar bedi tun hantsi. Na ba su labari rabi, na ce wani dattijo zan kai wa. Sai bayan la'asar babbansu ya ce babur ɗinsa na yi masa wani kuka a baya, in ni makanike ne da gaske in faɗa. Na sa ya zagaya sau ɗaya. Na ce fatar burki ce ta cinye, ƙarfe na cin ƙarfe. Aka buɗe aka gani. Ya ce in tafi, amma kada ya sake ganina ba takarda. Motocin arewa sun riga sun wuce, a masallacin tasha na kwana.

Washegari na sami wata tsohuwar motar kaya mai zuwa ɗaukar albasa. Direban ya ce in hau baya kan buhunan wofi. Hanya doguwa, ƙasa ja, duwatsu baƙaƙe, ba inuwa ko ta kare. Sau biyu motar ta tsaya tana tafasa. Ina rungume da tayar, ƙarfenta ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Na riƙa kallon gefen titi ina neman jan babur a kwance. Duk taron mutane da na hango daga nesa sai in ɗauka a kansa aka taru, in mun matso in ga awaki ake ciniki.

A Badagishiri na sauka na shiga fadama. An gama cire albasa, mutane na ta tsince ta suna zubawa a rumbuna na kara. Na yi ta tambayar Malam Idi. Ashe Malam Idi ya fi biyar a fadamar nan. Aka kai ni wurin wani gurgu, aka kai ni wurin wani mai ido ɗaya. Wani saurayi ya ce ya san shi sarai, in ba shi tayar ya kai masa in huta. Ya riga ya kama ta yana ja, sai da na nuna masa guduma. Da rana ta karkata na sami wani tsoho mai gadin rijiya. Ya ce, “Idi mai jan moto? Ya tahi gida sharar gona tun wancan sati.” Ya faɗa mini sunan ƙauyen, a bayan Tajaye, ya zana mini hanya a ƙasa da sandarsa.

Mota ta sauke ni inda hanyar ƙauye ta rabu da kwalta, sauran da ƙafa. Na rataya tayar a kafaɗa ta yanke ni, na mayar ɗaya kafaɗar ta yanke ni. Na ɗora a ka, cibiyar ta riƙa huda mini tsakiyar kai. Wasu mata masu itace suka cim mini suna ta dariya, wai ba su taɓa ganin namiji ya ɗauki moto ba, su dai sun san moto ke ɗaukar mutum. Wata tsohuwa a cikinsu ta sauke kayanta, ta warware gammonta ta raba tsumman biyu, ta naɗa mini ɗaya ta gyara mini zaman tayar. Ba ta tambaye ni ko daga ina nake ba. Na tambaye ta gidan Malam Idi. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce, “Jaje ka zaka?” Ta nuna mini hanyar gidan, na ci gaba da tafiya.

A ƙofar gidan akwai wata bishiyar aduwa, dattawa biyar ko shida a zaune. Jan babur ɗin yana jingine da katanga, fitila a fashe, ƙafafun gaba sun karkace. Malam Idi yana tsakiyarsu, gefen fuskarsa a saɓule an shafa shuɗin magani, hannun dama a ɗaure a wuya. Yana ganina ya yunƙura ya miƙe.

“Ɗana mai kunne! Kai da kanka? Wa yag gaya maka? Ku duba, har taya ya ɗauko mani tun daga Ƙonni!”

Aka shimfiɗa mini tabarma, aka yi ta sa mini albarka. Ya ba ni labari. Kwana shida ke nan. Ya ɗauko matarsa Inna Dije za su kasuwa, suna gangara wani tudu mai duwatsu, tayar gaba ta tsaya cak kamar an riƙe ta. Shi ya wuntsila gefe, ita babur ya danne mata ƙafa a kan dutse. Da amalanke aka kai ta bakin titi, daga nan asibitin Galmi. Tana can kwance, ƙanwarta na jinya, shi ya dawo ɗaukar hatsi da tufafi. Na lissafa a zuci. Ranar da suka faɗi ina kangon Alhaji ina shafa wa wani babur fenti, ina ce wa kaina tsoho ba ya gudu.

Da na yi shiru a nan, da an rabu lafiya. In ɗaura tayar, a yi mini godiya, in kama hanyar Zariya. Shaiɗan ya shimfiɗa mini wannan hanyar sumul. Sai wani dattijo ya ce abin ba na banza ba ne. Moton da bai taɓa ko tari ba, gwani ya duba ya ce lafiya, ya tsaya haka kawai? Baki ne. Ya ce sun san wanda ya tsaya yana yaba moton ranar da aka kawo shi, ko Masha Allah bai ce ba. Sauran suka gyaɗa kai suna kallon wani gida a tsallaken hanya. Malam Idi ya ce, “Ɗana, kai kas san ƙarhe. Buɗe muna mu gani.”

Na kwance tayar. Cibiyar ta yi shuɗi saboda ƙuna. Na kifa ta a kan tabarma na buga da guduma. 'Ya'yan boris suka zubo a farfashe, tare da wani baƙin dunƙule kamar ƙanzo. Daga ƙarshe yankin gwangwanin ya faɗo, jan hoton tumatir ɗin yana nan a jikinsa. Dattijon ya ɗauka yana juyawa, ya murza baƙin abin a yatsa ya sansana.

Ya ce, “Wanga mi ne ne? Kamar itace.”

Na ce, “Garin katako ne. Ana sa shi don kuka ya ɗauke a sayar. Ba bakin kowa ba ne.” Na sake cewa, “Ni na sa shi, da hannuna.”

 Ƙanen Malam Idi, wani ƙato da ke tsaye a bakin zaure, ya sunkuya ya ɗauki gudumata. Ban motsa ba, da ma ya buga mini, da na ji sauƙi. Malam Idi ya ce masa ya ajiye, bai ko ɗaga murya ba. Ya juyo ya dube ni da idon da bai kumbura ba.

“Ranar da kas sa ƙarhe ga kunne, ka ji?”

Na ce, “Na ji, Baba.”

Ya ce, “Ka ji.”  Na so ya zage ni, na so ya ce a kai ni wurin jandarma. Sai ya ce, “Ɗaura tayar. Gobe za ni kai mata kaya, hannuna ba shi iya tuƙi. Kai za ka kai ni.”

Na miƙe ƙafafun gaba da taɓarya, na ɗaura tayar, na gwada burki. Ba wanda ya sake yi mini magana. An kawo mini tuwo an ajiye nesa da ni kaɗan, ban iya taɓawa ba. Da safe muka ɗaure buhun gero da ƙullin tufafi, ya hau bayana. Daga ƙauyen zuwa kwalta, daga kwalta zuwa Malbaza, daga nan Galmi, mutumin nan bai ce mini uffan ba. Hannunsa mai lafiya yana riƙe da rigata, ina jin numfashinsa a wuyana. Ban taɓa sauraron taya kamar ranar ba. Sau uku ina tsayawa in sauka in taɓa cibiyar da bayan hannu ko ta yi zafi, in girgiza ta, in hau mu ci gaba. Bai tambaye ni dalili ba.

A ƙofar asibiti ya sauka, ya zare makulli ya sa a aljihu. Na ɗauka sallamata ke nan. Sai ya ce, “Ɗauko buhun. Shiga ka gan ta.”

Ɗakin cike yake da mata da warin magani, masu jinya a zazzaune a ƙasa, ba wurin sa ƙafa. Inna Dije tana gadon ƙarshe, 'yar tsohuwa ƙarama mai zane a kumatu, an lulluɓe ta da zani daga ƙugu. Suka gaisa da mijinta, ta tambaye shi awaki, ta tambaye shi ko an share gonar gabas. Ni ina tsaye da buhu a kafaɗa, idona ya sauka a kan zanin. A gefe ɗaya akwai tudun ƙafa har zuwa yatsu. A ɗaya gefen, daga gwiwa zanin ya kwanta a kan katifa. Malam Idi ya san haka tun kafin in zo, bai gaya mini ba.

Ta ce, “Malam, wane ne baƙon?”

Na sauke buhun na jira. Duk abin da zai faɗa na shirya masa.

Ya ce, “Shi ya kawo muna taya tun daga Ƙonni, bisa kai.” Bai ƙara ko kalma ba.

Ta dafa ƙirji. “Tun daga Ƙonni? Cikin ranar ga? Allah sarki, ɗan mutane. Sannu, ɗana, sannu. Kuma kun bar shi tsaye? Taho, zamna nan.”

Ta dafa katifa ta yunƙura za ta janye ƙafarta ta ba ni wuri a bakin gadon. Sai ta tsaya, ta dubi zanin. Wurin yana nan a buɗe, babu abin janyewa.